Bankin da ke jin Hausa ranar Sallah kawai

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya mayar da takardar naira kamar zinare, na tura wa ƙanwata naira 40,000 ta waya. An cire a asusuna, ita kuwa shiru, ba alat. Kwana uku ina zarya banki, layi tun daga ƙofa har bakin titi, mai gadi na rabon lamba kamar ana rabon zakka. Rana ta huɗu wani abokina mai tarin mabiya a Twitter ya ɗora hoton rasit ɗin, ya ambaci bankin. Kafin la'asar kuɗi sun dawo.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma abin ya tsaya mini a rai har yau. Hujjar da na kai musu a kantar banki ita ce dai ya ɗora, ko wasali bai ƙara ba. Bambancin kawai shi ne shi a gaban jama'a ya yi magana. Ma'aikatan da manyan kamfanoni ke zaunarwa a kan shafukansu, aikinsu na farko kashe wuta ne kafin ta kama sunan kamfani. Shi ya sa amsar kullum ɗaya ce: muna ba da haƙuri, turo mana bayani ta inbos. Wato zo mu koma ɗaki, kada maƙwabta su ji.

Kuma kafin su amsa, ɗan damfara ya riga su. Zai zo da tambarin bankin, da suna mai kama da nasu in ban da harafi ɗaya, da ladabi fiye da na bankin ma, ya nemi lambar katinka da OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo maka ta waya don tabbatar da ciniki. Mutumin da kuɗinsa suka maƙale ba ya tsayawa ƙirga haruffa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne harshe. Azumi na kamawa za ka ga bankuna da kamfanonin waya sun iya Hausa: barka da shan ruwa, hoton dabino da jinjirin wata, wani lokacin har da tauraron Kannywood. Ka rubuta musu kuka da Hausar nan, sai a manna maka Turancin da aka manna wa mutum ɗari kafin kai.

Ɗaga muryar ma ba kowa ke wanyewa lafiya ba. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika sukari, maganar ta kai ta hannun 'yan sanda da kotu.

Hanyoyin hukuma suna nan, mutane ne ba su san su ba. In kamfanin waya ya yi biris da kai, akwai lambar kira 622 ta NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, kyauta ce. In banki ne, ka shigar da koke a rubuce, ka riƙe lambar koken, in ba su warware ba ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, wato Babban Bankin Nijeriya.

Hajiyarmu dai wayarta mai tocila ce, ba ta da shafi ko ɗaya, balle mabiya. Duk wata sai an yanke mata kati a kan wata waƙar kira da ba ta san ranar da ta nema ba. Jiya ta ce in je ofishin kamfanin wayar in yi musu magana. Na kira abokin nan nawa.