Ba kwamfuta ce ta zana yashin nan ba

Mutane da yawa in suka ga hoton ciyawar teku kwance kan yashi, ga wasu layuka kamar rassan bishiya a gefenta, sai su ce ai editin ne, ko mai hoton ne ya jera abinsa da hannu. A'a wallahi, yawanci ba haka bane. Ruwa ne yake wannan zanen, in teku ta ja baya sai ruwan da ya rage ya dinga gangarawa yana tsaga ƴan hanyoyi a jiƙaƙƙen yashi, kuma a yawancin gaɓoɓi sau 2 take janyewa a rana, in ta dawo ta shafe komai.

Aikin mai hoto shine sanin lokaci. Da sassafe ko dab da faɗuwar rana haske na zuwa ta gefe, kowane ɗan tudu sai ya yi inuwa, ciyawar ma tana sheƙi tunda bata bushe ba. Je da tsakar rana ka gani, babu inuwa, zanen ba ya fitowa sosai, ko kyamararka ta miliyoyi ce.

Abin ma ba sabo bane, tun 1843 Anna Atkins a Ingila ta fitar da hotunan ciyawar teku, kuma ko kyamara bata sa ba, ɗora ciyawar take kan takarda mai sinadari ta shanya a rana.