Kun iya taya tsire, ba ku iya taya rasit ba

To, kun dai ga rasit ɗin da ke yawo tun shekaranjiya. Naira 98,000, mutum biyu, cin dare ɗaya a Victoria Island, tsibirin masu kuɗi na Legas, an ɗora hoto har da taken wai "rai dai guda ne". Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Kuma tun kafin ku fara, ni ban da matsala da rasit ɗin, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan bawan Allah mai rasit, shi ɗin dai, ranar Alhamis da daddare a gabana ya tsaya a tukubar Baba mai tsire a Agege yana tayar da jijiyar wuya a kan naira 500.

Ina tsaye ina jiran balanguna. Ya faka mota, ya fito da makulli a yatsa yana kaɗawa. Kafin ma ya ce ga abin da yake so ya ci ɗanɗano uku, na ƙirga. Baba ya yanka masa, ya zuba a takarda, ya yayyanka albasa da tumatir, ya barbaɗa yaji, ya ce dubu uku. Sai gogan naku ya ɓata rai: "Haba Baba, wannan ɗin? Dubu biyu da ɗari biyar." Baba ya ce, "Albarka, ɗana. Ka san yadda nama ya koma." Ya ce shi fa ba baƙo ba ne a Legas, kada a yi masa wayo. Aka yi ta ja, layi ya taru, daga ƙarshe dattijon nan ya goge wuƙarsa a tsumma ya ce, "Kawo, Allah ya sa albarka." Kun zaci an gama? Ina! Ya nemi gyara. Ya nemi ƙarin yaji a ƙulla masa daban. Sannan ya ce taransifa zai yi, Baba ya tsaya yana leƙa ƙaramar wayarsa yana jiran alat.

Bayan kwana biyu sai ga rasit.

Ku zo mu duba shi tare, tun da shi ya ɗora da hannunsa. Abinci da abin sha 80,000. A ƙasa an jera harajin VAT kashi 7.5 cikin 100, da harajin jihar Legas na gidajen abinci da otal kashi 5, da kuɗin hidima kashi 10. Ka haɗa, 18,000 ke nan da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinsa ba. Ya taya? Ya ce "haba yallaɓai, a rage ɗari biyar"? Ya nemi gyara? Ya ce shi ba baƙo ba ne a Legas? Kati ya miƙa yana murmushi, har da godiya da Turancin hanci. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne. Wato ya cinye albashin wani na wata guda da ɗoriya a zama ɗaya bai ce uffan ba, amma ɗari biyar ɗin Baba ce za ta talauta shi.

Abin dariyar ma, ku duba layi na biyu a rasit ɗin. An ba shi dogon suna da Turanci, amma a hoton na gane shi sarai: tsire ne. Tsinke huɗu a kan wani falalen baƙin dutse, an ɗora ganye ɗaya a kai kamar hular ango, an ɗiga yaji a gefe kamar ana tsoron ya ƙare. Tsiren da ya raina a takarda, shi ya ɗauka hoto ta kusurwa uku don an sa masa esi da kiɗa a hankali.

Daga ina yake tsammani naman ya fito? Daga teku? Tirelar da ta kwaso shanu daga Arewa ita ce dai, mayankar Oko-Oba da ke nan bayanmu a Agege ita ce dai. Tumatir da attarugu da albasar da aka yi masa kwalliya da su, ka je kasuwar Mile 12 da asuba ka ga masu sauke kwanduna, ka saurari yaren da suke yi. Wanda ya manta ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da masu safarar abinci da shanu suka dakatar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. Daga mai bukka har mai otal kowa ya ji a jikinsa. Kaya ɗaya ne, gada kawai ya tsallaka zuwa tsibiri.

Na san abin da za ku rubuta a ƙasa. "Kuɗinsa ne." Eh, kuɗinsa ne, wa ya ce na kakana ne? Ɗari biyar ɗin kuma ta Baba ce. "Ai can suna biyan haya da dizal da ma'aikata." Shi Baba a sama yake zaune? Gawayi kyauta ake ba shi? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 akwai abin da bai tashi ba, daga kuɗin motar dabba har ƙuli-ƙulin yaji? Yana da yara biyu da ke taya shi soke nama, yana biyan kuɗin wuri, ga masu yankan tikiti da ba sa fashi, ga iyali a gida da ke jiran aike ƙarshen wata. "Ai ciniki al'adarmu ce." Madalla. To a tafi da al'adar can Victoria Island mana, me ya sa take sauka a bakin gada? Masu zancen tsafta kuwa, don Allah ku bar ni. Naman Baba a gabanka ake yanka shi, a gabanka yake hawa wuta. Kicin ɗin can ka taɓa leƙawa?

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar manyan wurare. Na je, ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da maigidana a wurin aiki ya kai mu wani gidan abinci a bakin ruwa, muna zaune iska na kaɗawa, fitilun gadar Lekki da Ikoyi na haskawa a kan ruwa, aka kawo jatan lande manya da gasasshen kifi. Wallahi ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya don in ci gardama ba. Sai dai ka yi ta tambaya a hankali, wannan miyar babu giya a ciki, wancan naman na mene ne, wanda a wurin Baba ba ka taɓa buƙata. Legas gari ne da kowa ke da teburinsa. Mai dubu ɗaya da rabi ya zauna a bencin mai shayi a Idi-Araba ya ci indomi da ƙwai. Mai ɗan hali ya shiga bukka a Surulere a zuba masa amala da ewedu, wadda lalonmu ce ba wani abu ba, da miyar wake da ganda. Da safe ga wake mai baƙin mai na ewa agoyin da burodin Agege mai laushi. Wanda albashi ya shigo masa ya je ya nuna tarwaɗar da yake so tana iyo, a yi masa farfesunta nan take. Mai kuɗin gaske ya haye tsibiri. Duk halal ne in ka samu ta halal.

Amma ku lura da abu ɗaya, kuma shi nake ta faɗa tun ɗazu. A duk jerin nan, mutum ɗaya ake tayawa. Ba ka taya mai otal. Ba ka taya gidajen kaza da shinkafa masu farashi a allo. Ko matar bukka ba ka isa ba, ka ce mata a rage ka ji Yarabancin da ba a koya maka ba, ta janye faranti ta kira na bayanka. Sai namu. Sai mai tsire, sai mai shayi, sai mai fura, sai yaron da ke tura baron lemo da kankana. Shi ne mai kunya, shi ne zai ce "kawo, Allah ya sa albarka" ko da faɗuwa zai yi, mu kuma mun gane haka muna hawa kansa. Muna jin haushi in wasu sun kira shi "aboki" da raini, alhali mu da muke jin yarensa mu ne muka fi kowa matse shi.

Ni kaina ban tsira ba, gaskiya ɗaya ce. Shekarar da na zo garin nan ban da ko sisi, a shagon wani ɗan garinmu nake kwana. Mai shayin bakin layinmu ya yi wata biyu yana haɗa mini shayi da burodi bashi, ba littafi, ba sa hannu. In na sunkuyar da kai sai ya ce, "Sha abinka, ƙanena, wata rana sai labari." Da na samu aiki na biya shi. Amma na tuna sarai, bayan nan na sha tsayawa a teburinsa ina cewa ƙwai ya yi tsada, ya rage mini hamsin. Da na ga Baba yana leƙa wayarsa ranar Alhamis, wannan ne ya faɗo mini, kuma kunya ta kama ni. Babu wani gida mai esi a Legas da zai ba ka ko ruwan leda bashi don ya ga yunwa a fuskarka.

Don haka malam mai rasit, in ka karanta, ba faɗa nake nema ba. Ka san inda tukubar take. Ɗari biyar ce.

Af, tun da zancen abinci ake, wai ni kaɗai ne na lura burodin Agege yana ta ƙanƙancewa? Wanda na saya jiya na matse shi a hannu ya koma kamar ƙosai. Kuma don Allah wa ya san inda ake samun fura da nono na gaskiya tsakanin Agege da Ikeja? Na gaji da yogot ɗin roba da ake dama mana ana cewa kindirmo ne. In kuma akwai mai tasowa daga Kano a satin nan ya yi mini magana ta akwatin saƙo, daddawarmu ta ƙare, uwargida ta fara yi mini kallon da ban gane ba.