Makaho da kwamfutar ofis: aikin da matasan Jos za su iya

Ina da aboki makaho da ke aiki a wani ofis a nan Jos. Da kunne yake sarrafa kwamfuta, ta hanyar NVDA, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Ranar da aka kawo musu sabuwar manhajar shigar da bayanai, sai aikinsa ya tsaya cak. Duk inda ya taɓa, muryar ba ta cewa komai sai "maɓalli, maɓalli". Wanda ya ƙera sabuwar manhajar bai sa wa maɓallan suna ba, hoto kawai ya ɗora. Mako biyu abokina yana roƙon na kusa da shi su duba masa, alhali ya fi su saurin bugu.

Wani ɗalibi ne ya raba shi da wannan wahala. Ya zauna kusa da shi, ya rubuta ɗan umarni wanda bai cika shafi biyu ba da Python, wani yaren rubuta manhaja, ya raɗa wa kowane maɓalli suna. Shi ke nan.

Hakan ya yiwu ne domin NVDA a buɗe take. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta, an faro a 2006, kuma kyauta ce. Kowa na iya rubuta mata ƙari, ko ya sa wata manhaja daga waje ta aiko mata da rubutu ta furta. JAWS, wata manhajar karanta allo, ita ma tana da nata yaren umarni, sai dai da dala ake sayenta.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausarmu. Muryar Turanci ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, tana tauna kalmominmu har mai harshen ya kasa gane su. Ba wani a Ostireliya da zai tashi ya gyara mana wannan. Kuma Filato ba baƙuwa ba ce a harkar: makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ga sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos, ga matasa masu koyon Python. Haɗa su wuri guda ne ya rage.

Za a ce wannan faci ne, da an sabunta manhaja sai ya yage. Gaskiya ne. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna musu wariya, kuma a ganina ofishin da ya sayi manhajar da makaho ba zai iya amfani da ita ba ya saɓa wa manufarta. Amma kafin masu ƙerawa su gyara, mai aiki ba zai zauna jira ba. Ya kamata hukumar masu buƙata ta musamman da ke Abuja ta ɗauki nauyin irin waɗannan matasa, a biya su, a tara abin da suka rubuta inda kowa zai samu.

Ɗalibin nan dai ya gama karatu ya tafi hidimar ƙasa, kuma an sanar da su abokina cewa za a sake sabunta manhajar.