Ni da liƙi a wasan jita na Manchesta

Ni fa kiɗan jitar Buzaye tun ina Katsina ya shiga jinina, zamanin da ake kai memori wajen masu caji ka ce yaro ya cika maka, ka dawo ka tarar ya haɗa maka Shata da waƙar Indiya da wasu ƴan Agadas da ko suna babu a jiki. Sai daga baya na san waye Bombino, waye Mdou Moctar, bahagon nan da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, da manyansu Tinariwen na Mali da suka ci Grammy a 2012. To ina Manchesta ina fama da karatu da sanyi sai wani Bature ɗan ajinmu ya turo min fosta wai wasu masu jita daga Nijar za su yi wasa, ko ina so mu je? Ji wata tambaya don Allah.

Kuɗin tikitin na fara lissafa shi a naira sai na ga zuciyata ba za ta ɗauka ba, na rufe ido na biya.

Ranar na ciro farar shaddata ta sallah wadda tunda na zo ƙasar ba ta ga rana ba, na karya hula, na yi wanka da turare, na zura sau-ciki. Sannan babban shiri, kuɗin liƙi. Ai ba a zuwa wajen makaɗi hannu rabbana, abin kunya ne. Matsalar Ingila ƙaramar takardar kuɗinsu fam 5 ce, ƙasa da haka sai silalla, kuma ka jefi mutum da silai yana tsaka da waƙa ai sai dai ka kwana a hannun ƴan sanda. Haka na bi shaguna ina canza ƴan fam goma zuwa biyar biyar har na haɗa na fam 50, wani mai shago yana ta kallona wai ko lafiya.

Muna shiga na fara waige waige ina neman kujera. Babu. Ba kujera ba tabarma ba babban tebur na manyan baƙi, ba MC, ba wanda zai ce a tafa wa Alhaji ya iso, fili ne kawai baƙi ƙirin da ƙaton sifika hagu da dama, kowa a tsaye da baƙar riga da kofin roba a hannu, ni kaɗai fari fat a tsakiya. Mutumin nawa ya miƙo min wasu ƴan soso guda biyu wai in toshe kunne. Na ce bawan Allah na biya kuɗi in ji kiɗa kuma ka ce in toshe kunne, riƙe abinka.

Ashe kafin manyan su fito akwai ƴan share fage. Wasu samari huɗu ne ƴan gari, gashi har gadon baya, mai gangarsu ya ɗaga sanda ya ƙirga, abin da na ji bayan nan a haƙarƙarina na ji shi ba a kunne ba. Mai waƙar kuwa ihu yake tun ƙarfinsa, jijiyar wuya ta miƙe, har na fara tausayin uwarsa. Can sai na ga tsakiyar filin ya buɗe, ƙartai suna ta bangaje juna da kafaɗa, wannan ya ture wancan, wancan ya faɗi a ɗaga shi ya koma. To ni ɗan gidan mutunci ne, ba a faɗa a gabana in naɗe hannu. Na kutsa ina "haba jama'a, ku yi haƙuri mana, me ya yi zafi", da Hausa fa, don Turancin ya gudu. Na riƙe wani mai gemu ta baya ina ba shi baki, shi kuma ya juyo yana dariya ya rungume ni ya wurga ni cikin taron, sai ga ni ina yawo kamar wake a tukunya, wannan ya miƙa ni wancan ya karɓa, kofin wani ya ƙare a gaban shaddata. Hulata kuwa na hango ta can a kan wata yarinya mai koren gashi tana hoto da ita. Wai ashe rawa ce. Rawa!

Ban gama dawowa hayyacina ba na ga an ɗago wani sama ana miƙa shi bisa kawunan mutane, ya baje hannu ido a rufe. Na ce innalillahi sun kashe shi. Yana isa gaba masu gadi suka sauke shi, ya zagayo da gudu ya sake hawa.

Amma fa da mutanenmu suka fito duk na manta. Shadda suka sa su ma, ga amawali an naɗe sai ido, na dubi mutumina na ce ka gani ko, ni ne na yi shigar da ta dace. Kiɗan nasu a hankali yake farawa, jita ɗaya tana ta maimaita abu guda, ganga na binta, sai su dinga ƙara sauri kaɗan kaɗan har ka rasa lokacin da ƙafarka ta fara aiki. Turawa na ta tafi a inda ba nan ake tafawa ba amma dai da zuciya ɗaya suke yi, na yafe musu. Na kurma ihu "sannunku da zuwa ƴan uwa!" mai jitar ya ɗago kai yana neman inda Hausa ta fito. Nan na ce lokaci ya yi.

Na ratsa har gaba, sai na tarar da shingen ƙarfe tsakaninmu da dandamali, ga wani ƙaton sikiriti a tsaye a ramin. Hawa dai babu. Na zaro fam 5 na cilla. Kuɗin nan tun 2016 suka mayar da shi na leda, ba nauyi, sai ya yi lilo a iska ya sauka a gaban takalmin ƙaton. Ya duƙa ya ɗauka ya miƙo min da ladabi wai kuɗina ya faɗi. Na sake cillawa ya sake miƙowa. Na haɗa uku na dunƙule na jefa, ya tsince su tas ya kamo hannuna ya danƙa min ya rufe yatsuna a kai, ya yi min wani kallo da ya nuna in na ƙara a waje zan ƙarasa jin kiɗan. Ban taɓa ganin inda mutum ke neman rabuwa da kuɗinsa ana hana shi ba sai ranar.

Bayan an tashi na same su a teburin da ake sayar da riguna da faifai, mai jitar na ganina ya ce "ɗan uwa lahiya lau? kai ne mai jihwa da kuɗi?" Muka tuntsire. Na damƙa masa kuɗin a hannu, shi kuma ya ƙi yarda sai da ya ba ni riga, na ɗora ta a kan shaddar don ta rufe min taswirar giyar da ke ƙirjina kafin in haɗu da wani ɗan masallacinmu a bas.

Wai don ya wanke laifinsa, mutumin nawa ya sake ja na wani wasan, na gargajiyarsu wannan karon, a wani tsohon coci. Kujeru reras, wata dattijuwa da jitar katako tana waƙar masu haƙar kwal, tsit kake ji, tari ma sai an riƙe har a gama baiti. Waƙar ta yi min daɗi na ce "Allah ya ƙara basira Hajiya" a zatona a hankali na faɗa, to kunnen bai gama warkewa ba, ashe har layin baya an ji. Ina cikin sunne kai wayata ta saki kiran sallar isha'i daga aljihu, ina lalube tana ƙara ƙarfi, dattijuwar ta tsaya cak ta jira ladan ya kai aya.

Bidiyon wasan farkon kuma ƙanwata ta gani a status ta kai wa Hajiyarmu. Da safe ta kira, ina ta "na'am? me kika ce?" ta ce "cewa na yi karatu aka tura ka ko bin maroƙa, kuma ina hularka?"