Sifili a pathLen ba lalacewa ba ce

Da yawa idan suka ga pathLen:0 a satifiket ɗin ƙaramar hukumar sa hannu (subordinate CA, wato tsarin kwamfuta da ke fitar da satifiket na dijital a ƙarƙashin wata babbar hukuma), sai su ɗauka ta lalace, su goge ta su kafa sabuwa. Wahalar banza ce. Bisa ƙa'idar RFC 5280 ta 2008, wadda ta tsara satifiket na intanet, lambar pathLen tana ƙirga hukumomi nawa za su iya biyo bayanta a jeri, ba yawan satifiket ɗin da za ta fitar ba. Mai sifili tana sa wa satifiket ɗin sabobi (servers) da na'urori hannu lafiya lau, haifar wata hukuma kawai aka hana ta. A AWS Private CA, sabis ɗin Amazon na kafa irin waɗannan hukumomi, in kana son ta haifi wata, sai uwar, wato hukumar da ke samanta, ta sake sa mata hannu da samfurin SubordinateCACertificate_PathLen1, muddin iyakar ita kanta uwar ta ba da dama.