Sabon abzoba ba ya ɗaga bayan mota

A garejojin Maradi sau da yawa za ka ji mai tsohuwar Fijo 504 yana cewa: "Bayan motata ya zauna, a sa mini sabbin abzoba masu ƙarfi." Kuɗi ne zai zubar. Abzoba ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa shi ne kashe rawar mota bayan ta faɗa rami, ta hanyar man da ke cikinsa. Sifirin ne ke riƙe da nauyi, shi ne kuma ke gajiya bayan shekaru ana lodin buhunan gero da gyaɗa.

Gwajin ba wuya. Danna bayan motar da ƙarfi ka saki. In ta yi ta lilo sau biyu ko uku, abzoba ya mutu. Duba jikinsa, sau da yawa za ka ga mai ya jiƙe shi, ƙura ta manne. In kuwa ta zauna ƙasa ko ba kaya, sifirin ne.

Mai akori-kura kuma da ke ƙara ganyen sifirin (fallayen ƙarfen da ake jerawa) don ya ƙara lodi, i, bayan zai tashi, amma birki da gatarin baya suna nan yadda Fijo ta ƙera su. A hanyar Dakoro, su ne za su fara ba ka kunya.