Kun manta da Alfaga ne?

Wai a ce gasar taekwondo ta duniya ta 'yan Koriya ce kawai, Afirka ba ta da ta cewa? Haba! A 2017, a garin Muju na Koriya ta Kudu, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ɗan Nijar ya lashe zinare a ajin sama da kilo 87, a gidan 'yan Koriyar kenan. Kafin nan ya ciyo azurfa a Rio 2016, lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu tun 1972. Masu cewa tsayi ne ya taimake shi, dogaye nawa ne aka yi waje da su tun zagayen farko? Abin haushin shi ne, sai da ya tafi Jamus ya samu horon kirki.